'Yan Sa-kan Dokta Ssekandi

Dokta Kizito Ssekandi mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa isa wuri, shi ma kuma ya san da haka, don da kansa yakan ce da ana sayar da linzamin mutane, shi zai fara bin layi. Ranar da sashensu na kimiyyar sinadarai a Kampala ya sami sa'a ɗari biyu a babbar kwamfutar nan ta Afirka ta Kudu, wadda jami'o'i ke rububi, sai aka damƙa wa abokiyar aikinsa Dokta Namubiru duka. Shi ko minti ɗaya bai samu ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya miƙe a ɗakin shan shayi da guntun gurasar chapati a hannu, ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Cikin wata shida zai tara kwamfutocin talakawa dubu, su zaƙulo sinadarin da zai daƙile cutar da ke ruɓar da rogo, tun giwar kwamfutar Namubiru ba ta gama hamma ba.

Namubiru ta kurɓi shayi ta ce, "Allah ya ba da sa'a, sarkin yawa. Ka dai goge man da ke gemunka tukuna."

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ana yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, a aika wa 'yan sa-kai ta intanet, kwamfutar kowa ta tauna nata lokacin da mai ita ba ya aiki da ita. Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da gaskiyar abin: kowace gunduwa mutum biyu ake ba. In amsarsu ta zo ɗaya a karɓa, in ta saɓa a ba na uku ya raba gardama. Wanda aka cika kayarwa kuma, manhajar ta cire shi daga aiki.

Ssekandi ya shiga rediyo, ya bi coci-coci da masallatai, ya roƙi masu shagon buga takardu. Bayan wata biyu ya ƙirga jama'arsa, mutum arba'in da ɗaya. Ta farkon shiga ita ce Madam Nansubuga, tsohuwar da ta koya masa lissafi a firamare a Mityana, wadda yanzu ke noman rogo a bayan gida. Da ƙaramar kwamfutar da jikarta ta bar mata ta shiga, tana cajinta da faifan hasken rana.

Arba'in da ɗaya ba lambar da mai cika baki zai nuna a ɗakin shayi ba ce. Sai Dokta ya tuna da wasu tsofaffin kwamfutoci biyar da ke shan ƙura a siton sashen. Ya kakkaɓe su, ya ɗora musu manhajar daga wani tsohon faifai da ke aljihun teburinsa, ya ƙirƙiro musu sunaye ɗari uku da sittin, ya ce wa ransa ai ba ƙarya ba ce, ado ne kawai. Tsofaffin nan kuwa suka kama aiki da gudun da ya ba shi mamaki. Maimakon ya tsaya ya tambayi dalili, sai ya dinga shiga sito yana shafa bayansu.

Ba a daɗe ba amsoshin mutanen gaske suka fara saɓawa da na sauran, manhaja ta dinga cire su ɗaya bayan ɗaya. Madam Nansubuga ta kira shi, muryarta a sanyaye.

"Kizito, an rubuto mini wai amsoshina ba daidai ba ne. Wani abu na taɓa?"

"A'a, Madam, ba laifinki ba ne. Kin san na'ura in ta tsufa sai haƙuri. Ki bar ta ta huta."

Ta ce to, ta kuma ba shi haƙurin ɓata masa aiki. Shi kuwa ya karɓi haƙurin ba kunya.

A wata na biyar sinadari ya fito, mai lamba dubu huɗu da bakwai, wanda lissafi ya ce zai shaƙe cutar. Ssekandi ya sa aka sanya masa ranar jawabi, Juma'a. Ranar Talata ya je ofishin Namubiru yana taku ɗaiɗai, ya ce ta ba giwarta ta duba, don kada gobe a ce an yi mata rashin adalci.

Washegari da hantsi ta kira shi, ta tura ƙofa ta rufe.

"Zauna. Minti arba'in giwar ta yi ta maimaita aikinka na wata biyar."

"To, ai gudu ba shi ne..."

"Ban gama ba. Sinadarinka ko kyankyaso ba zai kashe ba. Mutum ɗari uku da sittin sun yi kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya, duk sun tsallake mataki na uku. Ssekandi, ko 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa haɗa baki haka. Su wane ne?"

Nan take ya tuna faifan nan. Manhajar farko ce, wadda ya rubuta kafin ya gano tana tsallake mataki ya gyara. Mutanen gaske gyararriyar suka sauke daga intanet. Su kuwa na sito, da yake sunayensu sun fi yawa, su ke ba da amsa, su ke yi wa kansu shaida, in an sami saɓani kuma su ne alƙalai.

Ya ce, "Ni ne. Duk ni ne. Ni na faɗa, ni na gaskata, ni na kori wanda ya musa. Shekara bakwai na yi a ƙasar waje ina karatu don in zo in tafa wa kaina."

"Arba'in da ɗayan nan fa, ko ɗigo ba su kuskure ba," in ji Namubiru. "Amsarsu da ta giwata ɗaya ce. Da ka bar su, da a hankali sun isa. Sa'o'ina sun kusa ƙarewa, ba zan iya ƙarasa maka ba. Ka gyara ɓarnar da ka yi."

Soke jawabin Juma'a bai yi masa wuya ba, takarda ɗaya ya liƙa a allo ya bi ta ƙofar baya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne haƙurin nan da ya karɓa. Ranar Asabar ya shiga motar haya zuwa Mityana, ɗan boda-boda ya ƙarasa da shi a babur. Ya tarar da Madam a gindin mangwaro tana fere rogo, tana yanke ruɓaɓɓen wuri tana jefa wa kaji. Abin da take jefarwa ya fi abin da ke shiga tukunya.

Ya gaishe ta, ya zauna a bakin benci, ya zayyana mata komai yana kallon takalminsa. Bai rage ko suna ɗaya ba.

Ta ajiye wuƙar. "Wato ni ce daidai."

"Ke ce, Madam."

"Wata uku ina jin kunyar haɗa ido da kwamfutar nan. Na lulluɓe ta da zane na tura ƙarƙashin gado, na ce tsufa ya sa na zama mai ɓata wa yara aiki. Har kuka na yi, Kizito, ban gaya wa kowa ba."

Dokta guda, mai gemu da furfura, ya ji in da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

"In mu arba'in da ɗaya ne kawai, ba fatalwa ko ɗaya, yaushe za mu gama?"

Ya yi lissafin a zuci, ya sake yi, don ya san gaban wadda yake. "Shekara huɗu, Madam. In kowa ya yarda ya dawo."

Ta dube shi, ta dubi gonar. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali.

"Shekara huɗu. Ni kuma saba'in da tara gare ni, ga wata uku ka cinye mini a banza. Tashi ka jawo kwamfutar ka jona ta da faifan, rana na tafiya."