Afnan Ta Shiga Fotal

Ranar Litinin da safe, kwana huɗu bayan wasansu na ƙarshe, Zipporah Dakwak tana ofishinta da ke bayan ɗakin wasa tana tsoma biredi a shayi, sai wayarta ta yi ƙara sau uku a jere. A watan Maris duk mai horar da ƙwallon kwando ya san ma'anar wannan ƙarar: wata daga cikin 'yan wasa ta saka sunanta a fotal, wato shafin nan na intanet da ɗalibai ke shiga idan suna son barin makarantarsu su koma buga wa wata.

Sunaye uku ta gani. Biyun farko ba su ba ta mamaki ba, tun Janairu suke cin magani. Na ukun ne ya sa ta ajiye kofin: Afnan Ma'aruf.

Zipporah 'yar Jos ce. Ƙwallo ce ta kawo ta Amurka, ta buga shekara huɗu a makaranta ɗaya har gwiwarta ta gaza, yanzu shekararta shida tana mataimakiyar koci a wata ƙaramar kwaleji a Greensboro. Da ta zo, wasa huɗu suke ci a cikin ashirin da takwas. Bana sun ci goma sha tara, kuma rabin wannan aikin Afnan ce, yarinyar da ke riƙe da ƙwallo tana raba wa sauran. A Greensboro aka haife ta, da hijabi da dogon hannu take wasa. Wata uku Zipporah ta yi tana zarya gidansu da ke bayan titin Wendover kafin uwarta, Hajiya Suwaiba, ta yarda a ba ta. Ko a lokacin ma dalili biyu ne suka sa ta yarda: kwalejin minti goma sha biyar ce daga gida, sannan akwai mace mai jin Hausa da za ta sa ido.

Shugabar kocin, Perpetua, wata doguwar Ba'amurkiya da ba ta zama idan tana magana, ta leƙo ta ƙofa.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Sauran biyun su tafi. Afnan kuwa, ki je ki yi magana da mutanenki."

Zipporah ta bi bayanta da kallo. Duk ranar da Afnan ta ci maki ashirin, 'yar wasan Perpetua ce. Yau da ta shiga fotal ta zama mutanen Zipporah.

Da azahar suka haɗu da Afnan a wani shagon kofi a titin Elm. Yarinyar ta kife wayarta a kan tebur, amma wayar ba ta daina motsi ba.

"Nawa suka kira ki zuwa yanzu?"

"Sha ɗaya." Afnan ta sunkuyar da kai. Rabin maganarta da Turanci take yi, Zipporah na mayar mata da Hausa. "Anti, ba wai ba na son ku ba ne."

"Jiya da yamma muna tare a ɗakin wasa. Ni na riƙa miƙo miki ƙwallo kina jefawa, sau ɗari biyu. Bakinki ciwo yake yi da ba ki faɗa mini ba?"

"Na san za ki hana ni."

"Da me zan hana ki? Da igiya?"

Afnan ta ce akwai wata babbar jami'a a jihar Arizona, ita ta fi matsawa. Ana nuna wasanninsu a talabijin. Suna da jirgin sama nasu na kansu.

"Kin tuna wasanmu da su na Nuwamba, Anti? Da maki hamsin da ɗaya suka doke mu, gaban mutum dubu tara. Amma ni na ci sha bakwai. Tun ranar nake tambayar kaina, da a ɗaya bencin nake fa?"

"Kin san me ya sa suka doke mu da hamsin da ɗaya? Biyu daga cikin 'yan wasansu da suka fara wasan nan, a makarantu irin tamu suka koyi ƙwallo. Mu sha wahalar yarinya shekara biyu, ranar da ta fara gane hagu da dama sai su buga waya."

"To laifina ne?"

Ba laifinta ba ne, abin da ya fi ƙona wa Zipporah rai ke nan. Ta biya kuɗin kofin ta tashi.

Ranar Asabar Hajiya Suwaiba ta aiko a kira ta. Ta tarar da Alhaji Ma'aruf, mahaifin Afnan, yana kai-komo a falo da abin sauraron waya maƙale a kunne. Mutumin da shekara biyu bai taɓa zama ya ga wasa har ƙarshe ba, saboda a cewarsa ƙarar takalma na sa masa ciwon kai, yau ga shi da littafi cike da sunayen koci-koci. Ya ɗaga mata hannu ya shige ɗaki yana "yes, yes" da ƙarfi.

Hajiya ta zuba mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ta jira sai da ta kai loma ta farko.

"Zipporah, kin kyauta ke nan?"

"Ni kuma, Hajiya?"

"Wa ya koya mata? Na ba ki yarinya ta ɗan motsa jiki ta yi karatunta na harhaɗa magunguna, kin je kin koya mata har mutanen Arizona sun ji labari. Na duba a waya, awa talatin ne a mota. Awa talatin!"

"Hajiya, ni ma ba na so ta tafi."

"To madalla. Idan sun kira ki, ki ce musu tana da asma."

"Ba ta da asma."

"Tana ƙarama ta taɓa yin tari mai tsanani."

Zipporah ta ajiye cokali. Ta yi mata bayani cewa likitocinsu za su duba yarinyar, kuma ƙarya irin wannan za ta iya raba ta da aikinta, ta ɓata sunan Afnan a banza. Hajiya ta saurara tana gyaɗa kai, da ta gama sai ta ce, "To ki ce ba ta jin magana."

Daga ɗaki Alhaji ya ɗaga murya: "Koci, kar ki biye mata! Maganar talabijin ake yi!"

Mutanen Arizona sun kira kuwa, ranar Talata. Wata mataimakiyar koci mai fara'a a murya ta tambaye ta halin Afnan. Zipporah ta rufe ido ta faɗi gaskiya: ita ke fara zuwa atisaye, ba ta gardama da alƙalin wasa, a watan azumi ma ba ta taɓa neman a rage mata gudu ba. Matar ta yi ta godiya, har da cewa lallai sun yi aiki mai kyau a kan yarinyar. Zipporah ta kashe wayar.

Kafin ƙarshen Afrilu Afnan ta sa hannu. Ban da biyun farko, wasu biyar suka bi ta ƙofar da ta fita. Cikin 'yan wasa goma sha huɗu, shida suka rage, kuma a cikinsu babu wadda ta taɓa shiga cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su.

Perpetua ta dire mata takarda a tebur. "Mu ma fotal ɗin za mu shiga. Ki fara da mai raba ƙwallo."

Haka Zipporah ta kwashe sati biyu tana kallon bidiyon yaran wasu. A nan ta ga Mounira, 'yar wasu mutanen Maraɗi da ke zaune a Virginia, tana buga wa wata kwaleji da ta fi tasu ƙanƙanta, ɗakin wasansu ko wurin zaman kirki babu. Siririya ce, amma idonta na ganin fili. Zipporah ta kira ta, ta kira babanta, suka gaisa da Hausa, ya ce "dakor, dakor", wato "to" da Faransanci, ya fi sau goma. Kwana uku aka gama magana.

A rana ta huɗu wani dattijo ya kira ta, ya ce sunansa Sylvanus, shi ne kocin Mounira.

"Shekara biyu ina koya wa yarinyar nan amfani da hannun hagu," in ji shi. "Da motata nake kai su wasa. Yanzu da ta iya sai ki buga waya?"

Zipporah ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa lallai ya yi aiki mai kyau a kan yarinyar. Ya kashe wayar bai yi sallama ba. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Kakar wasa ta fara da baƙin fuskoki takwas. Wasa shida na farko duk aka doke su. A na uku wata ta jefa wa abokiyarta ƙwallo tana kiran sunan da ba nata ba, waccan ba ta juyo ba, ƙwallo ta faɗa cinyar wani tsoho a layin gaba. Zipporah ta koma koyar da abin da ta gama koyarwa shekara uku da suka wuce: inda za a tsaya, wa zai rufe wa, ma'anar kowace alama da take yi da yatsu daga benci. Sai wajen Janairu suka fara kama da ƙungiya.

A cikin Disamba Afnan ta kira ta, muryarta ƙasa-ƙasa. Bayan ta sa hannu, jami'ar ta sake ɗauko wasu biyu masu irin aikinta daga fotal. Minti uku take samu a wasa, wani lokacin ko tashi ba ta yi. Alhaji ya tara abokansa a falo su ga 'yarsa a talabijin, sau ɗaya aka hasko ta, tana miƙa wa wata tawul.

"Anti, idan na dawo fa?"

Maganganu da yawa suka taso wa Zipporah, ta haɗiye su. "Ki gama kakar tukuna. Ki riƙa zuwa atisaye da wuri kamar yadda kika saba. Maris ya zo mu gani."

Maris ya zo, Afnan ta sake shiga fotal. Zipporah ta je wa Perpetua da maganar har sau uku. Perpetua ta ce gurbi ɗaya ya rage kuma doguwa take nema, ƙwallo kuwa tana hannun Mounira, ba za ta karɓe ta daga yarinyar da ta tsaya ta ba wadda ta tafi ba. Zipporah ta so ta yi musu, ta rasa ta inda za ta fara, don ita ma da bakinta ta yi wa baban Mounira alƙawarin haka.

Hajiya Suwaiba ta daina ɗaga wayarta na wata biyu. Afnan ta koma wata kwaleji kusa da Charlotte, awa ɗaya da rabi daga gida, kuma a rukuni ɗaya suke da su Zipporah.

Ƙungiyoyin biyu suka haɗu wata Asabar da rana a watan Janairun da ya biyo baya, a Greensboro. Zipporah na tsaye tana ba yaranta umarni sai ta ji ƙamshin turaren wuta a bayanta. Hajiya ce, da ƙawayenta biyar, sun zauna a kujerun da ke bayan bencin su Zipporah daidai.

"Hajiya, ina wuni. Mutanen su Afnan can ɓangaren suke."

"Nan na saba zama. Can akwai iska."

Duk ƙwallon da Afnan ta jefa a kwando, guɗa ce ke tashi a ƙeyar Zipporah. Yaran benci suka riƙa waiwaye. Perpetua ta harare ta kamar ita ta gayyato su. Abin bai tsaya nan ba: duk lokacin da Zipporah ta ɗaga yatsu ta yi alama, sai ta ga Afnan ta juya ta faɗa wa abokanta abin da ke zuwa, su je su tare wurin tun kafin Mounira ta motsa. Mounira ta yi iya yinta, ta ci sha biyar, har sau biyu tana ƙwace ƙwallo a hannun Afnan. Da maki huɗu aka doke su.

Bayan an tashi, Afnan ta ratso fili da gudu ta rungume ta, jikinta sharkaf da gumi.

"Anti, yi haƙuri. Amma wallahi ba ku canza alama ko ɗaya ba. Yatsa uku har yanzu ta hagu ce."

"Na gode. Sake ni."

Hajiya ta sauko a hankali tana gyara mayafi, ta dubi allon maki, ta dubi Zipporah.

"Kun yi ƙoƙari. Amma 'yar Maraɗin nan ta rame da yawa, iska ma sai ta ture ta. Ki turo mini ita gida ranar Lahadi ta ci abinci."

Zipporah ta ce to. Ta shiga ɗakin canza kaya, ta samu yaran zaune jugum, ta ce musu Litinin ƙarfe shida na safe kowa ta zo da littafi da biro, za a sake alamomin gaba ɗaya. Wata doguwa da ta zo daga Ohio a watan Agusta ta ɗaga hannu ta ce ita fa sai makon jiya ta gama haddace na yanzu.

"Shida na safe," in ji Zipporah, ta ɗauki jakarta ta fita.