Barkono a Kan Soron Masallaci

Munji ya sunkuya bakin majal, rijiyar da ke tara ruwan saman soron masallaci, yana duba murfi. Kawunsa Sasi, mai kula da ita, na tsaye a kansa kamar mai gadin kasuwa. Gida goma sha huɗu ke sha daga nan. Idan Munji, ma'aikacin lafiya na gunduma, ya sa jan biro a takardarsa, to an rufe ta ke nan, shekara talatin na hidimar tsohon sun tafi a banza.

"Duba da kyau, likitan ruwa," in ji Sasi. "Da ruwan nan aka yi maka wankan suna, ga ka nan ƙato."

Murfi lafiya, guga a rataye, babu tsaga ko ɗaya. Munji ya ji daɗi har ransa, don yana son tsohon nan duk da bakinsa. Saura soro.

"Me za ka gani a can?" in ji Sasi. "Ai da hannuna na shafe shi da farar ƙasa!"

Da suka hau, ai kuwa fari ne fes. Tsabtar tasa ce ma ta jawo magana, don duk ƙauyen babu inda mata suka yarda su shanya barkonon yajinsu sai nan. Ga shi jajawur, shimfiɗe daga bango zuwa bango. A kewaye kuma an barbaɗa wani farin gari, har bakin indararon da ke kai ruwa majal. Munji ya dangwala, ya shinshina. Maganin tururuwa ne.

Ya ɗaga kai. Hadari ya haɗo daga wajen teku, na farko cikin wata bakwai.

"Kawu, aikin wa ne wannan?"

Sasi ya leƙa ƙasa ya ƙwala wa matarsa kira. "Shadliyya! Kashe mu za ki yi?"

"Tururuwa zan bar wa yajin da kake lashewa har da yatsa?" ta ce, tana hawowa da buhu.

Tsohon ya dubi sama, ya dubi garin maganin. Sai ya cire hularsa ya cusa a bakin indararon, ya buɗe mazubar da ke kai ruwa titi. A garin da ake ƙirga kowane ɗigo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mata suka kwashe barkono a guje. Da ruwa ya tsuge, kowa ya kama tsintsiya, ana dirzar soro ana dariya, ruwan da aka yi ta roƙo yana malala cikin lungu.

Munji ya raɓe a ƙofa da takardarsa. Sasi ya matso, jiƙe sharkaf, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, in za ka rubuta, ka ce ni na gano."

Munji ya ciro baƙin biro, ya rubuta hakan.