Darasin da Hudu Ya Sa Aka Soke

…kuma ai ba shi ya tura ta ƙauyen ba. Shi rahoto kawai ya sa wa hannu. Haka Honorabul Hudu yake ta nanata wa kansa a bayan mota, layin binciken sojoji ya tsaya cik a Bolari. Ga ta can a bakin tasha. Malama Olaedo. Da sanda take tafiya yanzu… tana nuna wa 'yan dako inda za su ɗora buhunan littattafanta a motar Onitsha.

Darasi ɗaya ne fa. Awa ɗaya a mako, 'ya'yan Musulmi da na Kirista a aji guda, tana koya musu tarihin garin da zaman tare. Shi ne shugaban kwamitin duba manhaja, zaɓe ya ƙarato, wani ya raɗa masa cewa akwai ƙuri'a a maganar. "Ana gurɓata mana 'ya'ya!" Muryarsa ce a rediyo, safe da yamma. Ya taɓa buɗe littafin darasin? Ko bangon.

Ranar jin ra'ayin jama'a ta miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, wane shafi ne? Nuna mini in yage shi da hannuna." Da ma ya ce a ba shi lokaci. Da ma ya yi dariya ya wuce. Ina! Sai bakinsa ya ce baƙi ba za su tsara mana tarbiyya ba. Baƙi — matar da aka yanke wa cibiya a Bolarin nan, wadda ta riƙe hannun 'yarsa Bilkis ta koya mata rubutu. Aka yi ta tafi. Ya ji daɗin tafin, Allah shaida ne.

Aka soke darasin. Aka ɗauke ta zuwa wata makaranta can bakin iyaka. Wa ya ce a yi? Ba kowa… masu neman faranta masa ne. Ya ji labari, ya ja bakinsa. Sai 'yan bindiga suka zo a kan babura, suka cinna wa azuzuwa wuta. Ta kwashi ɗalibai mata goma sha tara ta shiga daji da harsashi a cinya. Goma sha bakwai suka iso.

Biyun fa? Ko sunayensu bai tambaya ba.

Zaɓen ma ya faɗi. Bilkis kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

"Ranka ya daɗe, layi ya motsa," in ji Ɗantala direba.

Hannunsa yana kan ƙofa. Taku ashirin ne, bai fi ba. Ya ce mata me? Sannu da jiki? Allah ya kiyaye hanya?

Ta juyo. Idonta a kan motar… ta ɗaga hannu — a'a, rana take karewa. Gilashin baƙi ne. Ba ta ganinsa.

Ya saki numfashi. Sai yanzu ya gane abin da ya sauka a ƙirjinsa. Sauƙi ne. Wallahi sauƙi ya ji…

Ana ta hon a baya.