Haƙorin Makka na Yaya Azara

Tun da yayata Azara ta dawo daga aikin Hajji ba ta ƙara yin dariya da baki duka ba. Da gefen dama take yi, ta ɗan ɗage leɓen sama, don a nan haƙorin Makka yake. Ni da ita muke sayar da wake da shinkafa a bakin titi a unguwar Nima, kusa da tashar motocin haya na trotro. Ita ke zubawa, ni ke naɗe ganye da wanke kwano. Baƙo zai zo ya ce, "Maame, zuba min," yadda ake kiran kowace mace a nan. Sai ta yi masa murmushin nan, zinariya ta yi wal, nan take bawan Allah ya gyara harshe: "Au, Hajiya, yi haƙuri."

Ba na ganin laifinta. Shekara goma sha tara tana shan hayaƙi a gindin tukunya kafin ta samu kujera. Ba ta da miji mai hali, ba ta da ɗa a Jamus. Ita ta kai kanta, kuma duk abin da ta dawo da shi an rabe, zamzam ma a kwana uku aka shanye. Haƙorin nan kaɗai ya rage mata.

To, duk haƙoran bakinta, shi ne ya tashi da ciwo.

Ranar Talata na ga tana tauna da gefen hagu. Na tambaya, ta ce sanyi ne. Sanyi, a Accra, a watan Maris! Ta cusa kanumfari, ta kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ta daka tafarnuwa ta danna har masu saye suka fara ja da baya. Mai soya kifi ta kusa da mu ta kawo shawarar ruwan batir, na kore ta da ludayi. Ranar Alhamis Yaya na zuba wa wani direba miya, hawaye na sauka mata har haɓa, ta ce masa yaji ne.

Da ya tafi na ce, "Yaya, asibiti za mu."

"Su cire min shi?"

"Su duba dai."

"Shifa, kin taɓa ganin wanda ya kai musu haƙori ya dawo da shi?" Ta sassauta murya. "In babu shi, wa zai san na je?"

Na ce duk Nima an sani. Ta ce Nima kullum sababbin mutane take haifa.

Da la'asar ta yafa gyale ta ce in taho. Na ɗauka ta sauko ne, har ina hamdala. Ashe wurin Awudu wanzami muka nufa, can bayan babbar kwata, tsohon da ke aski da ƙaho, in ta kama ya cire haƙori. Ya zaunar da ita a benci, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa zinariyar da bayan almakashi. Wallahi sai da ƙafafunta suka bar ƙasa.

"Wannan ne, Hajiya," in ji shi.

"Ba shi ba ne. Na kusa da shi ne. Shi ke tura masa ciwon."

"Hajiya, na kusa da shi lafiyarsa ƙalau."

"Bakinka ne ko nawa, Malam Awudu?"

Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah!" Ta harare ni, irin hararar da take yi min tun ina rarrafe, na ja bakina. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun. Shi kuwa Awudu ba ya musu da Hajiya. Ya yi bismilla, ya sa filaya, ya ja, ya murɗa, ya sake ja, don haƙori mai lafiya ba ya son barin gida. Ya fito fari tas, da doguwar jijiya, ko ɗigon baƙi babu. Ta tofar da jini, ta ce alhamdu lillahi ta ji sauƙi.

Sauƙin bai kai magariba ba.

Asabar da safe na shiga ɗakinta na tarar da fuskar da ban sani ba. Kuncin dama ya haye kamar burodi, ido ya rufe, jiki zafi rau, baki ko cokali ba ya shiga. Nan tsoro ya kama ni na gaske. Ban nemi izininta ba. Na tare tasi, ni da matar maƙwabci muka ciccibe ta sai asibiti.

Likitan haƙorin da ke aiki ranar ɗan unguwarmu ne, Kazeem, wanda ya girma da abincinmu a cikinsa. Ya gan ta ya tsallake da ita layi. Ya haska fitila, ya daɗe yana kallon ramin da Awudu ya bari.

"Mma, wa ya cire wannan?"

"Da kansa ya faɗi," in ji ta ta tsakanin haƙora.

Ya dube ni. Na dubi silin.

Aka ɗauki hoton haƙorin. Ya nuna mana: a ƙarƙashin rigar zinariyar, haƙorin ya ruɓe har gindi, ruwan ciwo ya taru yana neman hanyar ido. Ya ce tun ranar da aka fere shi aka sa masa rigar, abinci ke shiga ta gefe, burushi ba ya kaiwa. Ya ce yau za a cire, ba gobe ba, in ba haka ba maganar ta wuce ta haƙori.

Ta kama hannun rigarsa. "Ɗana, a yi masa ciko."

"Babu abin da za a cike, Mma."

"To in ya warke a mayar min da zinariyar."

Kazeem ya ce, "Da na kusa da shi yana nan, da sai in jingina sabo a jikinsa in mayar miki da ita. Yanzu biyu ne a jere, na gefen kuma ba su da ƙarfin ɗaukar biyu. Sai dai na roba, farare, masu cirewa."

Ban ce komai ba. Allah shaida ne ina da abin cewa.

Ya yi mata allura, ya tsaga wurin, ruwan ya fita. Haƙorin da ta sha azabar kwana biyar dominsa ko gardama bai yi ba, guntu-guntu ya fito. Nas ta wanke zinariyar ta miƙo mata a auduga, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar masara ba. Yaya ta ƙulle ta a haɓar zani. A tasi ta ɗora kai a kafaɗata ta yi barci, na farko tun Talata, ni kuma na yi ta kuka ba ta sani ba.

Bayan kwana goma kumburi ya sace, muka koma bakin titi. Tsofaffin masu saye suka yi ta sannu Hajiya, tana amsawa da ka, leɓe a rufe. Wajen hantsi sai ga wata 'yar dako, sabuwar zuwa daga arewa, da ƙaton kwanonta a hammata.

"Anti, zuba min."

Na ce, "Ke! Hajiya za ki ce."

Yarinyar ta dubi bakin Yaya, don nan kowa ke duba. Yaya ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta kwance haɓar zani a hankali, ta buɗe audugar a tafin hannu ta nuna mata.

Yarinyar ta sunkuya ta kalla. Fuskarta ta yi laushi.

"Allah sarki," ta ce. "Allah ya jiƙan mai shi."

Na buɗe baki zan yi mata tas, Yaya ta riga ni.

"Amin," ta ce. "Da taliya ko babu?"