Lambatun Bayan Kamfanin Fata

Ladidi ta sauka daga adaidaita-sahu a Challawa ta ƙanƙame ledar da ke ɗauke da kwalabe uku, kamar wadda aka ba ajiyar ƙwai. Daga asibiti take. Ranar Alhamis za a yanke ƙafar mijinta Uwaisu daga gwiwa, yau kuwa Litinin.

Wata biyu ke nan da ƙarfe ya yanke shi a dunduniya yana yashe lambatun bayan kamfanin fatar da yake wa aiki. Sai ya yi abin da abokan aikinsa suka saba: ya sayi kafso a kemis, ya ɓare ya barbaɗa a ciwon, ya haɗiye biyu, ya koma bakin aiki. In ya ji dama-dama ya bari, in ciwo ya motsa ya ƙara. Uwaisu ke nan, mutumin da ya fi tsoron layin asibiti a kan mutuwa. Yanzu an gwada allura kala biyar, ƙwayar cutar ko gezau.

Da safen nan ne Dakta Badi'a, mai bincike daga jami'a, ta ja ta gefe a barandar ɗakin marasa lafiya.

"Malama Ladidi, akwai wasu halittu da suka fi ƙwayar cuta ƙanƙanta, kuma ita ce abincinsu. Kowace da irin wadda take ci. Galibi inda cutar ke zaune, nan maciyinta yake. In muka dace da wanda ke cin ta mijinki, wataƙila manyan likitoci su ƙara mana kwanaki."

"Wato ruwan da ya cuce shi zan ɗebo, likita?"

"Shi fa, daidai inda ya taka. Kada ki tace, kada ki ɗauraye kwalbar. Ban yi miki alkawari ba, amma in ya zo hannuna yau, jibi zan san abin da ke ciki."

Tana shan kwanar katangar kamfanin ta ja ta tsaya: babu wari. Ba ta toshe hanci da hijabi ba, abin da bai taɓa faruwa ba a shekara tara da ta yi tana bin hanyar. Tsoro ya kama ta sosai. Ta leƙa. An kankare lambatun har siminti, ruwa garau yana gudu, sai ƙaurin magani mai hawa ka.

"A'a, matar Uwaisu! Yaya mai jiki?" Malam Elisha maigadi ne ya taso da fara'arsa. "Kin ga aiki ko? Gobe masu duba muhalli za su zo. Tun Asabar ake kwarara magani, ko sauro bai sha ba. Ai ku kuka yi ta kai ƙara wurin mai unguwa, ga shi Allah ya amsa."

Gaskiya ya faɗa. Sau uku tana jan matan layinsu, ita ce ma mai baki a cikinsu.

Ta ɗauko waya ta kira Dakta Badi'a ta faɗa mata.

"Babu abin da zai rayu a ruwan nan," in ji likitar a hankali. "Sai dai ko can gaba, inda maganin bai kai ba. Ƙarfe huɗu nake rufe ɗakin gwaji."

Ladidi ta dubi rana, azahar ta gota.

"Malam, ina lambatun nan ya nufa?"

"Har kogi. Da nisa fa, kuma babu hanyar mota. Me za ki yi a can?"

Ta tattare zani ta bi gefen lambatun da sauri, tana ɗaga hanci tana shaƙar iska, tana roƙon Allah ya sa ta ji wari.