Rakiyar Malam Goni

Ranar da likita ta ce wa Hajiya Ummulkhairi ta rage ƙiba, da fushi ta dawo gidanta a Soron Ɗinki. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ga ciwon suga ya zo ya tare. Yanzu kuma an ce ta rage tuwo, ta bar shayi mai zaƙi, ta riƙa tattaki.

"Da wace ƙafar?" ta tambayi mijinta, Malam Goni maɗinkin manyan riguna, siririn mutum wanda ko tukunya ya cinye ba ta nunawa a jikinsa.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," in ji shi. "Abin da kika ci shi zan ci."

Haka aka fara. Dafaffen wake, ganye, da ɗan tuwon da bai fi dunƙulen hannu ba. Malam yakan cinye nasa ya yi hamdala da ƙarfi, ita kuwa ta bi kwanon da harara. Abin da ya ɗaure mata kai, ko sau ɗaya bai yi ƙorafin yunwa ba. Sai wata la'asar da ya dawo daga shago, ta hango ɓarɓashin gurasa a gemunsa, ga ɗigon man gyaɗa a gaban riga.

"Malam, gurasa ce ta biyo ka har gida?"

Ya shafa gemu ya kalli sama. "Isyaku mai gurasa ne ya matsa mini. Kin san maƙwabcin shago, ba a gwale shi."

"To daga gobe ni zan raka ka, in ga mai matsa maka."

Ya ɗauka wasa ne. Washegari sai ga ta da hijabi da sanda. Da ƙyar ta kai ƙarshen lungu, ta jingina da katanga tana haki, gwiwa na zugi kamar ana soka mata allura. Amma da ta tuna gurasar nan sai ta ƙara gaba. Sannu a hankali ta fara kaiwa har shagon, ta huta a kan benci, ta dawo a adaidaita sahu. Matan unguwa suka sa musu suna amarya da ango. Isyaku kuwa da ya hango ta sai ya rufe farantinsa ya hau gaisuwa.

Da damina ta kankama, gwiwoyin suka kumbura, ta kwanta. Da aka kai ta asibiti ta hau sikeli, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Suna dawowa ta fashe da kuka.

"Na haƙura, Malam. Ga ciwo, ga yunwa, ga ba sakamako. A tuƙa mini tuwo na gaske."

Bai yi mata musu ba. Ya ɗauko man zafi ya zauna yana shafa mata a gwiwa, har kukan ya lafa.

"Shi ke nan," ya ce. "Bari in kai wa Isyaku albishir. Tun da kika kwanta yake addu'ar Allah Ya ba ki hutu mai tsawo."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Wato har addu'a kuke haɗawa a kaina?"

Kumburin na saɓewa ta ɗauki sandarta. Ciwon bai tafi ba. Wata rana ta kai shago, wata rana iyakarta zaure, ta daina jin haushin kanta a kan hakan. Sugan dai ya fara daidaita, numfashinta ma ya yi sauƙi.

Bayan Babbar Salla ƙanwarta Dije ta zo daga Ƙofar Nassarawa. Ta tsaya a tsakar gida tana ƙare mata kallo.

"Yaya, wallahi kin faɗa! Ga wuya ya fito."

Ummulkhairi ta gyara ɗaurin zane tana murmushi. Sai ga Malam ya shigo, babbar riga na lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Dije ta dafe ƙirji.

"Shi kuma wannan, me likita ta ce ya rage?"