Shekarar da Kawu Dietrich Ya Rubuta

Idan mutum ya yi wa na'ura ƙarya, wa ya cuta? Tun ranar da kwamfutar Kawu Dietrich Loewen ta mutu nake juya wannan tambaya, har yau ban samo amsa ba.

Kawu Dietrich ne ke ɗinka wa masu lalurar ƙafa takalma a garinmu, a kudancin Manitoba, kuma dattijo ne a cocinmu. Duk gari an san bai taɓa yin ƙarya ba. Shi ma ya sani, kuma ba ya bari mu manta. Awon ƙafar kowa yana cikin wata tsohuwar manhaja, ita ce ke sa inji ya sassaƙa ƙafar katakon da ake ɗinka takalmi a kanta. Manhajar kuwa ba ta tashi sai a kan wata kwamfuta mai nauyin ɗan maraƙi, wadda ya saya tun ina gyaran tarakta.

Da kwamfutar ta yi hayaƙi sai aka kira ni, tunda ni ne na koya wa kaina wannan aiki daga littattafai. Kwana uku na yi ina gina kwamfutar bogi a cikin sabuwa, mai kwaikwayon mamaciyar. Manhaja ta tashi, ta duba kwanan wata, ta ce lasisinta ya ƙare tun 2003. Kamfanin da ya yi ta ya daɗe da rushewa.

"Abu mai sauƙi ne, Kawu," na ce. "Mu ce mata muna 1997."

"Muna 1997 ɗin ne?"

"A'a."

"To, ba a shagona ba."

Na ce, "Kawu, ka taɓa tambayar kanka yadda ta yi shekara ashirin tana aiki bayan lasisin ya ƙare? Batirin agogon tsohuwar ya mutu tuntuni. Kullum a 1997 take farkawa."

Ya shafa gemu. "Wannan ba ƙarya ba ce. Tsufa ne."

Ka ji shari'a! Idan batir ya mutu, rahama ce. Idan ni na danna, zunubi ne. Amma sai abin ya tsaya mini a rai, don ban tabbata bai da gaskiya ba.

Muna cikin haka Agatha Penner ta turo ƙofa da sandarta. Tare suka yi firamare da Kawu, kuma shan inna ya bar mata ƙafar hagu a lanƙwashe. Takalminta ya tsage mako uku da suka wuce. Ta cusa ƙafar cikin takalmin marigayi mijinta, ta cike sauran wurin da safa. Ga ƙanƙara ta fara sauka.

"Ina takalmina, Dietrich?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da ayoyi.

"Madalla," ta ce. "Jiya na faɗi a bakin akwatin wasiƙa, ashe don ka shiga aljanna ne. Da ka faɗa mini, da na faɗi da farin ciki."

"Agatha, ki fahimce ni..."

"Na fahimta. Shekara arba'in kana ci mini tuwon dankali kana cewa ya yi daɗi. Ni na dafa shi, na san bai yi ba."

Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Gerhard, idan na je haɗa gahawa, ban san abin da za ka yi a bayana ba."

"Ba abin da zan yi, Kawu. Ka ce ba a shagonka ba. Ni mai biyayya ne."

Gaskiya mugunta ce ta sa na faɗi haka, ba biyayya ba. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Agatha ta zauna a kan benci, ta zare takalmin mijinta, ta zare safa ɗaya bayan ɗaya, har guda huɗu. Idon sawun ya kumbura ya yi shuɗi. Kawu ya durƙusa ya riƙe ƙafar kamar yadda ya saba, ya daɗe yana kallo.

Sannan ya miƙe, ya ture ni daga kujera, ya gyara tabarau.

"A ina ake rubutawa?"

Na nuna masa. Da yatsa ɗaya ya danna: ɗaya, tara, tara, bakwai. Can bayan shago injin sassaƙa ya yi tari, ya kama.